Ra'ayinmu: Kuɗin wasanni da al'adu su riƙa isa Badagishiri, kada su ƙare a Yamai

Duk shekara idan lokacin gasar takobin kokowa ya zo, hankalin 'yan Nijar kan koma wuri guda. 'Yan kabu-kabu su jingine babura a bakin shagon da ke da talabijin, matasa su bar shayi yana tafasa a fada, 'yan ci-rani a Abijan da Legas da Tripoli su riƙa bin kaye ɗaya bayan ɗaya a wayoyinsu. Jihohi takwas ne, kowace da 'yan kokowa goma, ana gwabzawa kwana da kwanaki. Ministoci su zo, 'yan kasuwa su yi ta shelar kyaututtuka, wanda ya ɗauki takobi ya koma gida da miliyoyin sefa. Ba mu da ja a kan wannan, mu ma masu kallo ne. Abin da ya dame mu shi ne: idan an naɗe tabarma, manyan baƙi sun koma Yamai, me ke saura a garuruwan da suka haifi waɗannan 'yan kokowa?

Mu ɗauki Badagishiri. Ƙaramar hukuma ce a gundumar Illela ta jihar Tawa, a kan titin da ya tashi daga Tsarnawa ya nufi birnin Tawa, kuma ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutane sama da dubu 100. Kasuwarta ta ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar Adar. Daga arewa ake koro shanu da raƙuma da tumaki, fatake daga Ƙwanni da Najeriya su zo su saya, manyan motoci su yi lodi su nufi iyaka. Dabbar da aka sayar a kara akwai kuɗin da hukuma ke karɓa a kanta, haka mai rumfa, haka mai mota. Kudu da garin ga Malbaza mai kamfanin siminti, ga Galmi da albasarta ta yi suna har ƙasashen bakin teku, ga Birnin Ƙwanni da ke bakin iyaka. Yanki ne da kuɗi ke ratsawa kullum, kuma yanki ne da samarinsa ke ɗaure kaya su fita da zarar an gama girbi.

A irin waɗannan garuruwa ake fara kokowa. Bayan kaka, idan hatsi ya shiga rumbu, sai a share dandali, makaɗa su zo, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Mai gari da 'yan kasuwa ne ke sa kyauta, wani ya ba da rago, wani buhun hatsi, wani turmin atamfa. A nan ake gane yaro mai ƙarfi, a nan yake koyon kamu da kariya. Daga nan sai zaɓen gunduma, sai na jiha, inda ake fitar da goman da za su je neman takobi. Hannun gwamnati bai cika bayyana ba sai a wannan mataki na ƙarshe, lokacin da aka killace 'yan wasa ana ciyar da su na 'yan makonni. Shekarun da suka gabaci wannan rana, iyaye da abokai ne suka ɗauki nauyinsu. Idan yaro ya karye a dandalin ƙauye, wurin mai ɗori ake kai shi, kuma daga aljihun mahaifinsa za a biya.

Yadda kuɗin suka koma na biki

Ba haka aka faro ba. A birnin Tawa aka yi gasar takobi ta farko a 1975, zamanin Janar Seyni Kountché, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Wannan jiha ta fitar da su Kadade da Haruna Abdu da Yahaya Kaka, kuma filin kokowar Tawa yana ɗauke da sunan Hamidin Mai Dare. A wancan zamani gasar ba ita kaɗai take tafe ba. Akwai ƙungiyoyin Samariya a unguwanni da ƙauyuka, akwai gidajen matasa da al'adu, akwai bikin matasa na ƙasa da aka fara a 1976, inda ake gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tun daga ƙauye har zuwa matakin ƙasa. Mun sani gwamnatin soja ta wancan lokaci ta yi amfani da Samariya don riƙe jama'a da yaɗa manufofinta, kuma ba kowa ya shiga da son ransa ba. Amma ko mai sukar wannan zamani zai yarda cewa tsarin yana isa ƙauye.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da bashi, sannan aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, wasanni da al'adu na cikin waɗanda aka fara yanke wa kaso. Abin da ya tsira shi ne biki, domin shi ake nunawa a talabijin. Nijar ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai a 2005, ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019 a Yamai da Maraɗi. Bikin 18 ga Disamba da ya riƙa zagaya jihohi ya kawo Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An gyara tituna da filaye da gine-gine, kuma mutanen waɗannan birane sun amfana. Sai dai duk a hedikwatar jiha aikin ya tsaya. Yaron Badagishiri da ke buga tamaula a filin makaranta babu takalmi, labarin Tawa Sakola ya ji a rediyo.

Ana iya ganin sakamakon a fili. Tun da Nijar ta fara zuwa gasar Olamfik, lambobi biyu ta samu: tagullar da Issaka Daboré ya ci a dambe a Munich a 1972, da azurfar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci a taikwando a Rio a 2016. Shekara 44 tsakaninsu. Alfaga ya zama zakaran duniya a 2017, amma a Jamus ya samu horon da ya kai shi can. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, ga shi a 'yan shekarun nan ta sha buga wasanninta na gida a Maroko saboda filin wasa na Seyni Kountché bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka ba. Ko a kokowa da muka fi kowa, Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobi sau shida kafin Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a wasan ƙarshe a Dosso a watan Disamban 2024. Wannan bajinta ce ta Isaka, kuma ya cancanci yabo. Tana kuma nuna cewa ba a renon sabbin hannu da yawan da ya kamata a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba.

Fim ɗinmu a hannun wasu

Matashin da ke kallon fim a waya yau zai yi mamaki idan aka ce masa Nijar na cikin ƙasashen da suka buɗe fagen silima a Afirka. Fim ɗin Oumarou Ganda, Le Wazzou polygame, shi ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane, wanda ya yi fim ɗin Aure tun 1962 kuma yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a nahiyar, a birnin Tawa ya zauna shekaru masu yawa yana aiki da 'yan kayan da ya harhaɗa da hannunsa. Har fim ya yi mai suna Kokowa, inda dabbobi ke karawa a fili. Ya rasu a 2015.

Kusa da gida kuma, Sani Magori ɗan Galmi ne. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, a gonakin albasar garinsu ya ɗauke shi, kan yadda farashin albasa ke ɗaura aure ko ya ɗage shi. Daga baya ya yi Kukan Kurciya, inda ya ɗauki wata tsohuwar zabaya daga Nijar zuwa Abijan domin ta yi wa mahaifinsa da sauran 'yan ci-rani waƙar komawa gida. Babu labarin da ya fi wannan kusa da rayuwar Ba'adare. Amma a Senegal ya karanci aikin, kuma da haɗin gwiwar kamfanonin Faransa aka shirya finafinan. Masu zuwa bukukuwan fim a Turai sun gan su. 'Yan ci-ranin da aka yi fim ɗin a kansu, da iyalansu da ke jira a Galmi da Badagishiri, nawa ne suka gani?

Wasan kwaikwayo ma haka. Waɗanda suka tashi da wasannin Yazi Dogo a rediyo da talabijin sun san yadda ake sa mutum dariya yana jin an taɓa shi. Yau yawancin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na karkara suna rayuwa ne da kwangilar ƙungiyoyin agaji: wannan wata rigakafi, wata mai zuwa tsabtar ruwa. Aiki ne mai amfani, sai dai mai biya shi ke zaɓen labari, kuma ranar da aikinsa ya ƙare ƙungiyar ta watse. A gefe guda, masu tura fim a waya a bakin kasuwa, na Kano suke turawa da na Indiya da aka fassara. Ba laifin Kano ba ne, 'yan'uwanmu ne, kuma da kuɗin aljihunsu suka gina sana'arsu tun daga Turmin Danya a 1990. Amma tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ƙasar da ta yi wannan ba ta da hujjar barin labarinta na Hausa ba mai ɗaukar nauyinsa.

Akwai darasi biyu daga Najeriya. A 2013 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don tallafa wa masu shirya fim, abin da ya nuna gwamnati na iya ɗaukar fim a matsayin sana'a mai samar da aiki. A 2016 kuma aka so gina ƙauyen fim a jihar Kano, malamai da jama'a suka ƙi, aka janye. Aikin da aka tsara a ofis ba a zauna da mutanen gari ba, ko an zo da kuɗi ba ya tsayawa.

Dawakinmu da dawakin Faransa

Batun sukuwa ya fi ban takaici. Doki ba baƙo ba ne a Adar da Ƙwanni, da shi ake hawan sallah, da shi ake tarbar babban baƙo, kuma har yanzu akwai masu kiwonsa duk da tsadar harawa da dawa. Kewaye da doki akwai mai sirdi, mai linzami, baduku, maƙeri, mai yankan ciyawa da yaron da ke hawa. Amma dawakin da matasanmu suka fi sani da suna da lamba, a filayen Faransa suke gudu. Kullum ana cika takardun PMU a rumfunan kamfanin caca na ƙasa, wato LONANI, ana zuba kuɗi a kan dokin da ba a taɓa gani ido da ido ba.

Ba ma kiran kowa zuwa caca. Addinin mafi yawanmu ya haramta ta, kuma mun san gidajen da ta rusa. Amma tunda hukuma ce ke da kamfanin, kuma daga aljihun matasa marasa aiki wani kaso na kuɗin ke fitowa, adalci shi ne a san inda ribar ke zuwa, a kuma mayar da wani yanki nata inda aka ɗebo ta. A Faransa ɗin kanta, wani kaso na kuɗin PMU yana komawa ga masu kiwon dawaki da filayen sukuwa, kamar yadda harajin da ake cirewa a tikitin silima ke komawa ga masu shirya fim. Birtaniya ta samu zinariya ɗaya tak a gasar Olamfik ta 1996. Da ta fara zuba kuɗin cacar ƙasa a wasanni, tun daga filayen unguwa har zuwa manyan 'yan wasa, ta tashi da zinariya 27 a Rio a 2016. Wanda bai yarda a taɓa kuɗin caca ba yana da hujjarsa, kuma muna girmama ta. To sai ya taya mu neman kason daga harajin kasuwa da na kamfanoni.

Masu cewa ba lokacinsa ba ne

Za a ce mana ƙasa na cikin yaƙi, ga tsadar abinci, ga makarantun zana, ga asibitoci ba magani, ina ake ta kokowa da fim? Wannan magana ce mai nauyi. Jihar Tawa ba ta manta da mutum 137 da aka kashe a yankin Tiliya a watan Maris na 2021 ba, kuma mutanen Ƙwanni sun ɗanɗana rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ba mu ce a ɗauki kuɗin soja ko na likita a ba makaɗi ba.

Abin da muke cewa shi ne, ko a cikin wannan hali ba a daina kashe kuɗi a wasanni ba. Ana yin gasar takobi, ana tura tawagogi waje, ana biyan jirgi da masauki. Tambayar ita ce yadda ake raba abin da ake kashewa. Sannan duk wanda ya zauna a karkara ya san watannin da ke tsakanin girbi da saukar damina. Saurayi ba gona, ba aiki, ba wurin zuwa da yamma. Waɗannan watanni ne mai ƙwaya ke samun ciniki, mai safarar mutane zuwa Libiya ke samun fasinja, mai ɗaukar yara aikin bindiga ke samun kunnen da zai saurare shi. Gasar ƙwallo tsakanin ƙauyuka ba za ta kawo ƙarshen ta'addanci ba, kuma ba za ta hana ci-rani ba. Amma tana ba yaro dalilin zama cikin tsaransa a gaban idon manya, kuma kuɗinta bai kai na liyafar buɗe taro ɗaya a Yamai ba.

Abin da muke nema

Na farko, a buga lissafi. Ma'aikatun da ke kula da wasanni da al'adu su riƙa bayyana wa jama'a, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, nawa aka ware, nawa aka fitar, nawa ya tafi biki da tafiye-tafiye, nawa ya isa ƙananan hukumomi. Haka ma ribar LONANI da duk wani asusu da aka kafa da sunan wasanni ko al'adu. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, babu kansilan da talaka zai tare a hanya ya tambaya, don haka liƙa lissafi a bangon ofis da karanta shi a rediyon gari ya zama wajibi.

Na biyu, a yanka wa ƙananan hukumomi kaso tsayayye. A 2016 gwamnati ta fara miƙa musu iko a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Wasanni da al'adu ba sa cikin wannan rukuni. A saka su, a haɗa da kuɗinsu. Muna ba da shawarar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙasa ke kashewa a wannan fanni ya riƙa sauka kai tsaye a ƙananan hukumomi bisa yawan jama'a. Su ma ƙananan hukumomi masu manyan kasuwanni irin Badagishiri su cire wani abu daga kuɗin kara su ajiye don matasa, a rubuce, kowace shekara.

Na uku, a killace fili. Garuruwa na faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, kuma filin ƙwallo da dandalin kokowa su ake fara ci domin ba su da takarda. Kowace ƙaramar hukuma ta fitar da fili na wasanni da hanyar sukuwa, a yi musu takarda da sunan jama'a tun kafin masu kuɗi su kai ga wurin. Wannan ba ya bukatar miliyoyi, sa hannu yake bukata.

Na huɗu, a kula da jikin ɗan wasa. Duk gasar da hukuma ta amince da ita, daga matakin gunduma zuwa sama, a samu ma'aikacin lafiya a wurin, kuma wanda ya ji rauni a yi masa magani kyauta. Tsofaffin 'yan kokowa da makaɗa da suka ɗaga sunan ƙasa kada a bar su sai sun kwanta ciwo a fara yi musu karo-karo a Facebook.

Na biyar, a buɗe ƙaramin tallafi na fim da wasan kwaikwayo a kowace jiha, wanda za a nema da Hausa ko wani harshen ƙasa, ba sai an iya rubuta takarda da Faransanci ba. Kwamitin zaɓe ya ƙunshi masu sana'ar da malamai da mata da matasa, a kuma bayyana sunayen waɗanda suka samu. Sharaɗi ɗaya: duk aikin da aka yi da kuɗin jama'a a nuna shi kyauta a garuruwan jihar. Majigi da janareta da farin bango sun isa, kuma da finafinan Moustapha Alassane da Sani Magori ya kamata a fara.

Ku kuma 'yan'uwa da ke waje, mun san da guminku ake gina masallatai da rijiyoyi da azuzuwa a Adar, mun san ku ke aiko da riguna da ƙwallaye da kofin gasar hutu. Kada ku daina. Amma ku daina aikowa a hannun mutum ɗaya ba rasit. Ku sa ƙungiyoyinku na 'yan gari su zauna da kantoma a rubuta yarjejeniya: idan kun kawo jika ɗari, hukuma ta kawo nata jika ɗari, a kuma liƙa lissafin inda kowa zai gani. Wanda ke aiko da kuɗi duk wata yana da bakin magana, ku yi amfani da shi.

Matasan da ke gida, tambayar ba ta da wuya. Ranar Alhamis mai zuwa, bayan an tashi daga kasuwa, ku je ofishin ƙaramar hukuma cikin ladabi, ku nemi a nuna muku layin wasanni da al'adu a kasafin kuɗin bana, da abin da aka kashe a ciki. Na Illela da Malbaza da Ƙwanni su ma su yi haka. Duk amsar da aka ba ku, ku aiko mana, za mu buga.